Saiwar da Janardan Ya Ƙi Faɗa

Mijin yayata, Janardan Tamhankar, mai duba kurakurai ne a wani ƙaramin gidan buga takardu da ke bayan kasuwar kayan miya a garinmu. Kalandar shekara suke bugawa, da katin biki, da littattafan 'yan makaranta. Gajere ne mai faɗin goshi, kuma tun da na san shi yatsunsa ba su rabu da baƙin tawada ba. Ni akawu ne a ofishin ruwa na hukumar gari. Na zauna a ɗakin sama na gidansu tun ina saurayi har na yi furfura, saboda haka abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka gaya mini kuma zan faɗi wanda ya gaya mini.

Gidan Tamhankar gidan nahawu ne. Wasu gidaje a unguwarmu karatun bauta suka gada, wasu lissafin taurari. Su kuwa gadonsu shi ne jerin saiwoyin aikatau na Sanskirit, tsohon harshen littattafan addininmu, wajen dubu biyu, kowace da ma'anarta a gefenta, daga bakin uba zuwa kunnen ɗa. Littafi ba ya shiga tsakani. An raba jerin a kan kwanakin mako. Kowace safiya mutum zai yi wanka a kogin Krishna, ya zauna a tabarma yana fuskantar gabas, ya karanta kason ranar kafin ya sa komai a bakinsa.

A kason ranar Alhamis akwai wata saiwa gajera, gaɓa ɗaya tak: tri. Ma'anarta biyu ce, yawo a kan ruwa da kuma ƙetarewa.

Yayata Sumati, wadda muke kira Tai, ita ta ba ni labarin mahaifin Janardan, ita ma daga surukarta ta ji. Wata Alhamis tsohon yana zaune gaba da gaba da ɗansa, suna karatu tare, Janardan bai cika ashirin ba a lokacin. Da suka iso wannan saiwa sai bakin tsohon ya karkace, ya kife a kan tabarma. Bai mutu nan take ba. Ya yi watanni a kwance, ɓarin jikinsa a shanye, kuma duk dubban kalmomin da ke kansa suka gudu, suka bar masa wannan guda ɗaya. In yana son ruwa, ita yake faɗa. In ciwo ya tashi, ita. In an tambaye shi ko ya gane ɗansa, sai ya kafe shi da ido ya yi ta maimaita ta har yawu ya zubo. Janardan ne yake juya shi, yake wanke shi, yake saurare.

Maƙwabta suka ce tsohon ya yi sa'a, ya tafi da kalmar ƙetarewa a bakinsa. Wata gwaggo kuma ta tuna cewa kakan Janardan ma a kwalekwale ya halaka wata damina, a tsakiyar kogi. Ta faɗi wannan ne a wurin zaman makoki, ta ci gaba da tsinar shinkafarta. Janardan ya ji.

Daga ranar bai ƙara furta saiwar ba. A jerin, wadda take gabanta ita ce ta tashi sama kamar tsuntsu, wadda take bayanta kuma ta tsarewa. Idan ya gama ta tashi sama sai ya haɗiye yawu, ya taɓa kunnensa na dama kamar yadda ake yi in an yi atishawa ko tuntuɓen harshe a cikin karatu, ya faɗa kan ta tsarewa. Duk Alhamis nakan jiyo wannan ɗan shirun daga ɗakina. Tun ranar Laraba da yamma ba ya cin abin kirki. Da safe Tai takan tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ba ta motsi sai ta ji ya wuce wurin, sannan ta koma kan tukunya.

Abin mamaki, 'ya'yan saiwar ba sa ba shi tsoro. Yakan ce tirta, wato mashigin kogi inda masu ziyara ke wanka, yakan ce awatar, wato saukowar abin bauta zuwa duniya, duk ba tare da ya ƙifta ido ba. Wata rana muna shan shayi a dakali na tsokane shi.

"Yaya, ai ga ta nan a ciki. Yanzu ka faɗe ta."

"Akawu, kai famfo ka sani," in ji shi. "Wannan a sanye take da riga. Tsirararta ce ba na taɓawa."

"Wani malamin kwaleji ya ce mini har Turawa suna da ita. Wai kalmarsu ta ratsawa da tamu kakansu ɗaya, tun kafin a rabu."

"Na ji. Mutanen da can makiyaya ne, duk inda suka nufa sai kogi ya tare su da shanunsu. Wanda ya ƙetare ya rayu, wanda bai ƙetare ba ruwa ya yi yawo da shi. Shi ya sa ma'anar ta zama biyu. Haka babana ya gaya mini."

"To ga Turawa nan suna faɗa kullum, ba su mutu ba."

"Su ai ba su san abin da suke faɗa ba. Sha shayinka, ya huce."

Ya yi dariya, amma na ga ya ajiye kofin bai ƙara kurɓa ba, sai na bar maganar.

'Yarsu ɗaya ce, Nalini. Da farko bai yi niyyar koya mata ba. Ita ce ta riƙa ɗauka daga bakin kicin tana yanka albasa, har wata safiya ya yi tari a tsakiyar karatu ya ji ƙaramar murya ta ci gaba daga inda ya tsaya. Washegari ya shimfiɗa mata tabarma a gabansa. Tai ta hana kowa ya ba ta labarin kakanta, ta ce tsoro ɗaya ya ishi gida. A makaranta Nalini ta san kalmomin da suka fito daga saiwar, amma ba ta taɓa lura cewa uwarsu ba ta cikin jerin da ke kanta ba. A cikin dubu biyu, wa zai nemi guda? Mu kuma duk Alhamis kunnenmu yana kan uban, ko zai wuce lafiya. Ba wanda ya saurari abin da yarinyar take yi a wurin.

Tana da shekara goma sha shida aka sa sunanta a jarrabawar hadda da majalisar malaman garinmu ke yi a watan Sharawan, cikin damina. Wanda ya ci ana ba shi takardar shaida, kuma da ita Nalini take so ta shiga karatun malanta. Ana yin jarrabawar a zauren ɗakin bauta da ke kan matakalar kogi. Ran nan kogin ya cika ya yi ja, ya haɗiye matakalu da yawa, ƙararsa tana shigowa ta tagogi.

Malamai uku ne a kan shimfiɗa. Babbansu shi ne Ketkar Shastri, tsoho mai yanar ido, wanda suka yi karatu tare da mahaifin Janardan. Tsarin shi ne ya jefo saiwa ɗaya daga ko'ina a jerin, ɗalibi ya kama daga nan ya yi ta tafiya har a ce ya isa. Ni da Janardan muna tsaye a jikin ginshiƙi. Nalini ta zauna, ta gyara bakin sarinta, wato zanen da ta naɗa a jiki, ta sunkuya ta gaishe su.

Sau biyu ya jefa mata, sau biyu ta tafi kamar ruwa a kwata. A karo na uku ya jefo wata daga ƙarshen kason Alhamis. Sai na ji yatsun Janardan sun nutse a damtsena.

Ta yi ta zubo su. Ta zo kan ta tashi sama. Ta haɗiye yawu, ta ɗaga hannu ta taɓa kunnenta na dama, ta faɗa kan ta tsarewa, da muryarta mai daɗi, hankalinta kwance.

Ketkar ya ɗaga tafin hannu.

"'Yata, atishawa kika yi?"

"A'a, Malam."

"Na ji kin tsaya. Me ta yi?" Ya juya ga na kusa da shi.

"Kunne ta taɓa."

"Me ya kai hannunki kunne?"

"Ai haka ake yi a nan, Malam," in ji Nalini.

Wasu ɗalibai a baya suka fashe da dariya. Tsohon bai yi ba. Ya ce ta sake daga baya kaɗan. Ta sake, ta haɗiye yawu, ta taɓa kunne. Wannan karon da ta ɗago ta duba fuskokin mutane sai murmushinta ya ɓace, ta juyo tana neman ubanta da ido.

Wani malamin makaranta a cikin 'yan kallo ya buɗe baki zai taimaka. "Yarinya, wadda kika tsallake ita ce..."

"Rufe mini baki!" Ketkar ya daka masa tsawa har gemunsa na rawa. "Kai ka koya mata? Abin da aka karɓa daga baki ɗaya, wannan bakin ne zai cika shi. Ina Janardan?"

Janardan ya matso kamar mai tafiya a cikin laka.

"Ɗan abokina, na san abin da ya sami babanka, ina cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa. Amma ka ba yarinya tulu da huji, ka ce mata haka ake gina tulu. Ita ma za ta koya wa wasu, su ma su taɓa kunne. Muna nan har la'asar. Ka kawo ta a gabana ka sa mata a kunne da bakinka, in ba ta takarda. In ba za ka iya ba, ba zan zage ka ba, amma ba zan sa hannu ba."

Muka koma gida. Tai ta ga fuskokinmu ta ajiye tiren da ke hannunta. Da ta ji abin da ya faru sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

"Ka ji," ta ce wa mijinta, don ba ta kiran sunansa, "takardar banza ce. A bar ta. Yarinya nawa suka yi aure lafiya ba su da ita?"

"Wai mene ne?" in ji Nalini. "Baba, me na tsallake? Kawu, kai ma ka sani? Kowa ya sani sai ni?"

Tai ce ta gaya mata, a gajarce, tana kallon bango. Nalini ta saurara har ƙarshe.

"To shi ke nan. Kawu ya samo mini littafi in duba da kaina. Ba sai Baba ya faɗa ba."

"Wanda aka ɗauko daga takarda ba shi da uba," in ji Janardan. "Ketkar zai tambaye ki wa ya ba ki. Ƙarya za ki yi masa?"

"To na fasa."

"Ba ki fasa ba."

"Ka ji, kai fa kaɗai gare mu," in ji Tai. "Na ji labarin yadda babanka ya kwanta. Ba zan iya ganinka haka ba. Ka bar wannan tsohon makahon da taurin kansa."

"Gaskiya ya faɗa. Ni na yi hujin."

Ya ƙi cin abinci, ya ce ba a karatu da ciki cike. Ya kira ni sama, ya rufe ƙofa. Hannunsa ya yi sanyi kamar na wanda ya daɗe a ruwa.

"Akawu, kai ne mai tsari a gidan nan. Saurara. In na faɗi, kada a kai ni ɗakin da Baba ya kwanta. A sa ni a zaure. Kada a bar Nalini ta yi jinyata, ko ta yi kuka. In bakina ya kama wannan abin ya ƙi saki, ka kai ta gidan gwaggonta a Satara, kada ta ji. Ka yi mini alkawari."

"Yaya, ba abin da zai faru. Likita ya ce jinin babanku ne ya hau."

"Ni ma ɗansa ne, jinin ɗaya ne. Ka yi alkawari."

Na yi. Ina faɗa masa ba abin da zai faru, alhali ni kaina ban yarda da maganata ba. Ni mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya ga hujja, amma na yi shekara da shekaru ina jin wannan shirun duk Alhamis, ya riga ya shiga jikina. Kafin mu fita na bi ta gidan likitan unguwa na roƙe shi kada ya yi nisa.

Janardan ya sake yin wanka a kogi. Ruwan yana da ƙarfi, sai da na riƙe masa hannu daga matakala ta sama. Ya ɗaura jiƙaƙƙen mayafi ya hau zauren yana ɗiga. Mutane sun ƙaru, labari ya zaga unguwa. Tai ba ta shiga ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta cusa gefen sarinta a baki.

Aka shimfiɗa tabarmi biyu gaba da gaba. Ya zauna, Nalini ta zauna. Ya waiwayo ya ce mini, "Zauna a bayana. Kusa." Na zauna har gwiwata tana taɓa bayansa. Ina jin bugun zuciyarsa ta haƙarƙarinsa.

"Ka faɗa sau uku, ta amsa sau uku," in ji Ketkar. "Fara daga baya kaɗan, ka zo da gudunka."

Ya fara. Muryarsa ta fito siririya, ba irin wadda na saba ji ba. Saiwa bayan saiwa, yana matsowa. Ya faɗi ta tashi sama. Ya tsaya. Na ga hannunsa na dama ya ɗago da kansa ya nufi kunne, sai ya kama shi da na hagu ya danne a cinya. Zufa ta gangaro ta tsakiyar bayansa. Ba abin da ake ji sai kogi. Na buɗe hannuwana a bayansa ina jiran nauyinsa.

"Tri," in ji Janardan, ya bi ta da ma'anarta.

Na leƙa gefen fuskarsa ina duba kusurwar bakinsa. Tana nan daidai. Shi ma ya kai yatsa ya shafa leɓensa, ya motsa yatsun hannu ɗaya, ya motsa na ɗayan.

Sai Nalini ta ja numfashi za ta amsa. A nan ne na ga tsoron da ya fi na farko. Ina jin duk yinin nan kansa kawai yake tunani, bai kawo a ransa cewa abin zai fita daga bakinsa ya shiga nata ba. Ya zabura ya miƙa hannu kamar zai toshe mata baki.

"Janardan!" in ji Ketkar.

Hannun ya tsaya a iska. Nalini ta dubi ubanta ido cikin ido ta faɗa, da ƙarfi. Ya sake, ta sake. Ya sake na uku da kyar, ta amsa. Sannan ta ɗauko daga farkon layin ita kaɗai ta ratsa wurin ba tsayawa.

"To, ya cika," in ji Ketkar. "Wa ke biye?"

Janardan bai iya tashi ba. Ni da wani muka ɗaga shi. Tai ta yi ta taɓa fuskarsa tana cewa ya yi mata magana, ya faɗi wani abu, ko mene ne.

"Ke, yunwa nake ji," in ji shi. Ta fashe da kuka, ta kai masa duka a kafaɗa.

Na ɗauka daga ranar ya warke. Ba haka aka yi ba. Ya daina tsallake saiwar, gaskiya ne, amma ya canza lokacin tashinsa. Duk Alhamis yakan riga kowa zuwa kogi, ya dawo ya karanta kasonsa da sauri kafin Nalini ta gama wanka. Na tambaye shi dalili.

"In saiwar tana neman wani a gidan nan yau, ta fara samuna," in ji shi.

Bayan ya gama nasa sai ya zauna a kan matakalar bene yana sauraren 'yarsa, hannuwansa a matse tsakanin gwiwoyi, har ta wuce wurin. Sannan ya sa hularsa ya tafi aiki.

Nalini ta gama karatun malanta, ta sami aiki a wata makarantar 'yan mata a Pune, ta yi aure a can. Ba ta bar karatun safe ba, ta rubuto ta gaya masa, tana tsammanin zai ji daɗi. A lokacin babu waya a gidajen unguwarmu, amma akwai a ofishinmu. Alhamis ta farko bayan tafiyarta, da hantsi, na ɗago kai daga aiki na gan shi tsaye a gaban teburina, hularsa a hannu.

"Akawu, buga wa makarantar waya. Ka tambaya ko ta zo."

"Yaya, wayar hukuma ce."

"Na sani. Buga."

Na nemi izinin shugabana, na buga. Akawun makarantar ya ce ta zo, tana aji. Janardan ya gyaɗa kai ya juya, ko shayi bai tsaya sha ba.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, ban da lokacin hutu. Akawun can ya saba, da ya ji muryata ba ya jira in tambaya, sai ya ce, "Tana aji, ka gaya wa tsohon." Ranar da layi ya lalace kuwa Janardan ba ya komawa wurin aiki. Yakan zauna a bencin masu jiran biyan kuɗin ruwa, yana kallon wayar, har a gyara.

Ya rasu da tsufansa, ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, yana magana sarai har ƙarshe. A makonnin da ƙafafunsa suka kasa kai shi ofis, ni nake bugawa in sa wani ya riƙe mini teburi, in taka zuwa gida in gaya masa. Nakan same shi a kan gado ya juya fuska wajen ƙofa, bai taɓa abincin safensa ba. Sai na ce tana aji, sannan ya ce wa Tai ta miƙo masa kwanon.